Gida a Agege, magada a Fagge: yadda za ka bi hurumin kotu

Da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gida biyu: na Fagge da muke ciki, da wani a Agege ta Legas da ya saya zamanin yana fataucin goro. Dangi suka ce ni da Yaya mu tsaya a kan dukiyar. Kotun Shari'ar Musulunci ta fitar wa kowa da rabonsa, na ɗauka an gama. Sai da muka sami mai sayen gidan Agege, lauyansa ya juya takardunmu ya ce, "Alhaji, ina hatimin Legas?"

Idan irin wannan nauyi ya hau kanka, fara da takarda da biro. Rubuta kowace kadara da jihar da take, domin maganar gida da fili tana hannun kotun jihar da ƙasar take, ko da magada duk suna wani gari.

Daga nan ka je sashen gado na Babbar Kotun jihar da mamacin yake zaune, ka nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Za a buƙaci shaidar rasuwa, jerin kadarori da masu tsaya muku. Takardar izinin nan ce bankuna ma suke tambaya.

Wannan takarda ba ta isa a taɓa gidan da ke wata jiha ba sai an sake buga mata hatimi a can. Ka karɓi kwafin da kotun farko ta tabbatar, ka kai rajistarar gado ta ɗaya jihar, a ƙiyasta kuɗin gidan, ka biya abin da aka yanka. Ka riƙe lauya mazaunin garin, kuɗinsa bai kai na zirga-zirgar Kano da Legas ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, daga ranar da kotun Legas ta sa hatiminta, tana da ikon tambayarka yadda ka yi da gidan. Zamanka a Kano ba zai kare ka ba. Dokar ƙasa ta yarda a kawo maka sammaci daga wata jiha, a ba ka aƙalla kwana 30 ka bayyana. Kada ka jefa shi a durowa. In kana ganin kotun ba ta da hurumi, lauyanka ya je gabanta ya faɗa.

Dukiyar nan akwai haƙƙin marayu a ciki, ƙannenmu biyu ba su balaga ba a lokacin. Shi ya sa kowane rasit, har na gyaran kwata, na adana shi a jakar fatar Baba, kuɗin haya kuma na buɗe masa asusu daban.