Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Riƙe Sabar Imel ta Kanka, da Yadda Ake Gyara Su

Sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da aika saƙonnin imel, ba ta yin kuka idan ta samu matsala. Shafin intanet idan ya faɗi, kowa zai gani nan take, amma saƙo yana iya fita daga sabarka lami lafiya, kundin ayyukanta ya nuna cewa an aika, alhali can yana kwance cikin akwatin tarkace na wanda aka rubuta wa. Yawancin kurakuran da ke tafe tushensu ɗaya ne, wato mai kula da saba ya gamsu da abin da yake gani daga ciki, bai taɓa fita waje ya gwada ba.

Kuskuren farko tun kafin a girka Postfix (manhajar aikawa da karɓar saƙo) ko Dovecot (manhajar da ke ba masu amfani damar buɗe akwatunansu) ake yin sa, wajen zaɓen adireshin IP. Mutum ya kama hayar saba, ya kwana yana saiti, sai daga baya ya gano cewa kamfanin ya toshe ƙofa ta 25, wadda ta cikinta sabobi ke miƙa wa juna saƙo. Google Cloud yana toshe fita ta wannan ƙofa, AWS kuma sai an nemi izini. Ko ƙofar a buɗe take, adireshin yana iya kasancewa cikin jerin Spamhaus na adireshin masu aika saƙonnin tarkace saboda ɓarnar wanda ya riƙe shi a baya. Gyaran shi ne a tambaya kuma a duba kafin a biya kuɗi, sannan a tabbatar kamfanin yana barin a saita rajistar PTR, wato bayanin da ke nuna sunan da ke bayan adireshin IP, domin sunan da adireshin ke nunawa ya dace da sunan da sabar ke gabatar da kanta da shi. Tun watan Fabrairun 2024 Gmail ya sa sahihiyar rajistar PTR cikin sharuɗɗansa ga duk mai aiko masa da saƙo.

Sai rajistocin nan uku masu tabbatar da cewa saƙo daga gare ka ya fito, wato SPF (jerin sabobin da aka yarda su aika da sunanka) da DKIM (sa hannu a kan saƙo da mabuɗi) da DMARC (umarnin abin da za a yi da saƙon da ya kasa wucewa), waɗanda da yawa ke kwafowa daga wani wuri ba tare da sun fahimci aikinsu ba. A SPF, ana yawan rubuta rajista biyu ga suna ɗaya, ko a yi ta ƙara kamfanoni har a wuce iyakar bincike 10 da ƙa'idar ta yarda da shi, kuma kowanne daga cikinsu yana ɓata rajistar baki ɗaya. A DKIM, mabuɗi mai bit 2048 ya fi ƙarfin layi ɗaya na haruffa 255, don haka dole a raba shi gida biyu, kuma a nan ne ake yawan yanke wani harafi ba a sani ba. DMARC kuwa gaggawa ce matsalarsa. Wanda ya sa p=reject, wato umarnin a ƙi karɓar saƙon da ya kasa wucewa, a ranar farko zai iya hana rasidan da manhajar lissafin ofishinsa ke aikawa isa ga abokan ciniki, don ya manta da cewa ita ma da sunan kamfanin take aikawa. A fara da p=none, wato sa ido kawai ba tare da hana saƙo ba, a karanta rahotannin da ke dawowa na wasu makonni, a gano duk mai aikawa da sunanka, sannan a tsananta.

Ta fuskar tsaro, an daɗe ana gargaɗi kan buɗaɗɗiyar saba mai miƙa saƙon kowa ga kowa. Saitin asali na Postfix ya rufe wannan hanya, sai dai mai kula da kansa ne ke buɗe ta idan ya faɗaɗa mynetworks, wato jerin adireshin da sabar ke miƙa saƙonsu ba tare da neman kalmar sirri ba, fiye da kima domin wata na'urar buga takardu ta samu damar aikawa. A ganina haɗarin da ya fi wannan yawa a yau shi ne kalmar sirrin ma'aikaci ɗaya da aka sace, domin ɓarawon da sahihin izini yake shigowa, ya aika dubban saƙonni cikin dare ɗaya, gari ya waye sunan adireshinka ya ɓaci. Maganinsa a ƙayyade yawan saƙon da asusu ɗaya zai iya aikawa a awa, a girka Fail2ban don ya kori masu gwada kalmomin sirri, a kuma takaita shigar masu amfani ga ƙofofi 587 ko 465 da 993 tare da rufin TLS mai ɓoye bayanai a kan hanya. Sabunta manhaja ma ba abin jinkirtawa ba ne, kamar yadda ɓarakar manhajar sabar imel ta Exim ta 2019 da ta Microsoft Exchange ta watan Maris 2021 suka nuna, inda aka kutsa sabobin da masu su suka yi nawar ɗinke su.

Takardar shaidar TLS da hukumar Let's Encrypt ke bayarwa kwana 90 take yi. Ana sabunta ta kai tsaye, amma a manta da sa Dovecot da Postfix su sake loda ta, sai wayoyin ma'aikata su fara nuna gargaɗi. Umarni ɗaya da zai gudana bayan kowace sabuntawa ya isa.

Inda zuciyata ta fi karkata shi ne kwafin ajiya, saboda na ga abin da sakaci a nan yake jawowa. Wani ƙaramin kamfani ya taɓa kirana bayan faifan sabarsu ya mutu, suna da tabbacin cewa kowane dare ana kwafe musu komai. Da muka buɗe wurin ajiyar, mun tarar da jakunkunan fayiloli jere da kwanan wata, kowanne fanko, domin an taɓa mayar da akwatunan saƙo wani wuri dabam, aka bar umarnin yana kwafar tsohon wurin da babu komai a ciki. Ban manta yadda akawun ya yi shiru yana ta latsa su ɗaya bayan ɗaya ba. Ajiyar da ba a taɓa gwada maidowa daga cikinta ba, zato ce kawai. A ware rana a kowane wata a maido da akwatin mutum ɗaya a wata na'ura, a buɗe saƙo a karanta da ido.

Akwai masu ɗaukar RAID, wato haɗa faifai biyu ko fiye su yi aiki tare, a matsayin ajiya, alhali abin da aka goge a faifai ɗaya nan take yake gogewa a ɗayan. Tsarin da aka sani shi ne kwafi uku a nau'in ma'aji biyu, ɗaya kuma a wajen ginin, kuma restic ko BorgBackup suna yin wannan tare da rufe bayanan da mabuɗi, wanda bai kamata a ajiye shi a kan sabar da ake kwafa kaɗai ba. Kada kuma a tsaya kan saƙonni kawai, a haɗa da saitunan da ke /etc, da ma'ajiyar sunayen masu amfani, da mabuɗan DKIM, da dokokin tace saƙo na Sieve.

Ƙaura zuwa sabuwar saba ita ce ranar da duk wani sakaci na baya yake bayyana. Kuskuren da ya fi yawa shi ne canza rajistar MX, mai nuna sabar da ke karɓar saƙonninka, ba tare da an rage TTL, wato tsawon lokacin da sauran sabobi ke riƙe tsohon bayani, tun da wuri ba, sai wasu sabobin su ci gaba da kai saƙo tsohon gida har tsawon yini. A rage shi zuwa daƙiƙa 300 kwana biyu kafin ranar, kuma MX ya nuna suna mai rajistar A (mai nuna adireshin IP kai tsaye), ba CNAME (laƙabin wani suna) ba. A kwafe akwatuna da imapsync ko doveadm tun tsohuwar saba tana aiki, a sake kwafar abin da ya ƙaru bayan an juya. Mai kwafa da rsync ya kula da mallakar fayiloli da kuma fayil ɗin dovecot-uidlist mai riƙe lambobin saƙonni, don idan lambobin saƙonni suka canza, wayoyi za su sake sauke komai daga farko, masu amfani da POP3, tsohuwar hanyar sauke saƙo zuwa na'ura, kuma su ga tsofaffin saƙonni sun dawo kamar sababbi.

Abin da ke kwantar da hankali shi ne tsarin imel yana da haƙuri. Sabar da ta kasa isar da saƙo tana ci gaba da gwadawa, kuma Postfix a saitinsa na asali kwana 5 yake yi kafin ya haƙura, saboda haka rufe saba na awa biyu, ko ɗaukewar wutar lantarki, ba ya ɓatar da saƙo. Abin da ke ɓatar da shi shi ne kunna sabuwar saba kafin a ƙirƙiri dukkan asusu da laƙabobinsu, domin idan ta amsa da cewa ba ta san mai wannan adireshi ba, mai aikowa ba zai sake gwadawa ba. Don haka a gwada kowane adireshi daga wani asusu na waje kafin a buɗe ƙofa ta 25 ga kowa, sannan a bar tsohuwar saba a kunne mako guda ko biyu, ana leƙa kundinta kullum, har ranar da aka ga babu sauran sahihin saƙo da ke isa gare ta.