Yadda za ka yi baikon sadaukarwa ba tare da ka jefa gidanka cikin bashi ba

Kaka ta yi, daga Billiri har Kaltungo ana ta kwasar masara da gyaɗa, kwanan nan za a fara sanar da ranar godiyar kaka a coci. Toh kafin ranar ta iso akwai shirin baiko, wato abin da ake miƙa wa Allah, da ya kamata kowane gida ya yi.

Ka cire rabon Ubangiji tun a masussuka, kar ka bari sai hatsi ya shiga rumbu, don da zarar ya shiga kuɗin makaranta da bashin taki da bikin ƙanwa duk za su taso maka lokaci ɗaya. In buhu 10 ka samu ware ɗaya, ka sa gawayi ka yi masa alama, ka kira uwargida da yara ka nuna musu ka ce wannan ba namu bane. Kuma mai kyau za ka ware, ba wanda ƙwari suka fara hudawa ba, ai a Malakai 1:8 an tsawata wa masu kai makauniyar dabba da gurguwa kan bagade. Mai albashi shi ma haka, ranar da alat ya shigo ranar zai cire. Mai sana'ar hannu ya bi abin da Bulus ya gaya wa Korintiyawa a 1 Korintiyawa 16:2, duk ranar farko ta mako ya ajiye wani abu gwargwadon samunsa.

Amma fa zakka, wato ɗaya cikin goman nan, daban, sadaukarwa daban. Lokacin da Arauna, mai masussukar da Sarki Dauda ya je saya, ya ce Dauda ya ɗauki shanu da itacen hadaya kyauta, Dauda ƙi ya yi, ya ce sai ya biya, ba zai miƙa wa Allah abin da bai ci masa komai ba (2 Sama'ila 24:24). Don haka ku zauna kai da matarka ku faɗi abu ɗaya da za ku haƙura da shi, ankon Kirsimeti ne ko naman Lahadi ko datar wata, ku lissafa kuɗinsa, shi za ku ɗora kan zakkar. Don Allah kar ka yanke kai kaɗai, ita ce za ta san yadda tukunya za ta kai ƙarshen wata.

Inda abin ke ci min rai shi ne wajen lancin, wato taron tara kuɗi a coci. An riƙe makirfo ana kiran sunaye ana tafi, mutum ya ji kunya ya miƙe ya yi alkawarin abin da ba shi da shi, washegari ya tafi neman rance, shekara ta zagayo ma'aji na binsa shi kuma yana ɓuya har ya fara tsallake sujada. 2 Korintiyawa 8:12 ta ce ana karɓar baiko bisa ga abin da mutum ke da shi. Gwauruwar nan ta Markus sura 12 anini biyu ta saka, kuma nata ne. In an matsa maka ka ce za ka je gida ka yi addu'a tukuna, babu laifi a ciki. Wanda kuma ya ce ka shuka dubu biyar ka girbi mota, ka riƙe kuɗinka.

Sai inda za a kai. Bayan na ikilisiya, ka tambayi shugabar Zumuntar Mata, su suka san gwauruwar da ta kwana ba ta ɗora tukunya ba da marayan da aka koro saboda kuɗin makaranta. Ka tuna da masu bishara na ƙauye, irin waɗanda EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta cocin ECWA, ke aikawa tun 1948, mudun wake da galan ɗin mai ba ƙaramin abu bane a wurinsu. Kai kayan da yamma, ba hoto, ba sawa a Facebook, ko ka ba dattijo ɗaya ya kai ba tare da ya ambaci sunanka ba.

Ranar taron shekara kuma ka zauna ka ji rahoton ma'aji, in wani abu bai fito fili ba ka tambaya cikin ladabi. Ko Bulus da zai kai gudummawa Urushalima sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka kuɗin.