Yadda Ake Ware Wurin Swap Domin Adana Bayanan Faɗuwar FreeBSD

FreeBSD tsarin sarrafa kwamfuta ne. Idan kanel ɗinsa (wato zuciyar tsarin) ya faɗi, ma'ana ya daina aiki kwatsam, yakan juye abin da ke cikin RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta) zuwa ɓangaren swap (wurin da ake warewa a faifai don tallafa wa RAM), saboda haka tun lokacin girka tsarin ya kamata a yanke shawarar girman wannan wuri.

1. A fara tantance girman RAM ɗin kwamfutar. Umarnin `sysctl hw.physmem` zai nuna shi.

2. A zaɓi irin juyen da ake so. FreeBSD kan yi ƙaramin juye ne, wanda ke ɗaukar shafukan da kanel ke amfani da su kaɗai, amma cikakken juye yana bukatar swap da ya ɗara RAM kaɗan. Mai RAM na gigabait 16 sai ya ware 17. Gigabait 2 na swap da manhajar girkawa ke bayarwa a zaɓin ZFS (wani tsarin adana fayiloli) na kai-tsaye yakan yi kaɗan, kuma faɗaɗa shi daga baya aiki ne mai wahala, don haka gara a ƙara tun yanzu.

3. Wajen raba faifai, a ƙirƙiri ɓangare na musamman mai nau'in `freebsd-swap`, domin ba a juye bayanan cikin swap da aka yi da fayil.

4. A tabbatar layin `dumpdev="AUTO"`, wanda ke sa tsarin ya zaɓi swap da kansa don juyen, na cikin fayil ɗin `/etc/rc.conf`, sannan a duba wurin da aka zaɓa da umarnin `dumpon -l`.

5. A bar isasshen fili a `/var/crash`, inda shirin `savecore` zai kwafe juyen daga swap da suna `vmcore.0` idan kwamfutar ta sake tashi.