Yadda ake kare dawakin ajiya daga kura da karnukan daji a barga

Wanda ya buɗe barga a bakin daji, irin gefen Falgore ko Yankari, yana karɓar dawakin mutane ajiya, ya san doki ba nasa ba ne, amana ce. Sababbin masu barga kan kashe kuɗinsu a kan dogon shinge, su manta da gindinsa, alhali kura ta ƙasa take shiga. Tona take yi.

Saboda haka fara da ƙasa. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 50 a duk kewayen bargar, ka saka ragar waya mai ƙarfi, ka lanƙwasa gindinta ya fuskanci waje kamar rabin mita, sannan ka cike da duwatsu da ƙasa. Idan kura ta fara tono a jikin shinge, ragar za ta tarar, ta haƙura. Tsayin shingen ya kai mita 2. Ƙarƙashin ƙofa shi ne wurin da aka fi sakaci, don haka a zuba masa siminti. Kada ka yi amfani da waya mai ƙaya. Ta fi arha, amma dokin da ya razana cikin dare zai afka mata, kuma za ta iya yi masa mummunan rauni.

Sai batun turke. Dokin da aka yi wa dabaibayi ba ya iya kare kansa yadda ya kamata, kura kuwa cinya da ciki take nema. Da dare a kwance dabaibayi, a shigar da doki ɗakinsa a rufe. Goɗiya mai ciki da ɗan dukushi su ne abin farauta na farko. Cikin goɗiya wata 11 ne, kuma yawanci da dare take haihuwa, don haka tun ta shiga watan ƙarshe a kai ta ɗakin da ke kusa da makwancin ɗan barga. Da ta haihu a kwashe mabiyiya da shimfiɗar da ta jiƙe da jini, a binne su nesa. Mushe ma haka. Warinsu ne ke kiran kura.

Fitilu masu ƙyaftawa masu aiki da hasken rana, irin dabarar da Richard Turere ya ɓullo da ita a Kenya don korar zakuna, suna taimakawa, sai dai a riƙa sauya musu wuri don kura na sabawa da su. Karnukan gadi biyu sun fi ɗaya.

Idan an sami cizo, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a kira likitan dabbobi saboda haukan kare da cutar sarƙewar haƙora, a kuma sanar da mai dokin tun da safe.