Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa wayoyin lantarki a jirgin sama ƙirar gida

A Amurka doka ta yarda mutum ya ƙera ƙaramin jirgin sama a garejin gidansa kuma ya tashi da shi, muddin fiye da rabin aikin hannunsa ne ya yi, don neman ilimi ko don sha'awa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ce ke yi wa irin waɗannan jirage rajista a rukunin jiragen gwaji, kuma masu wannan sha'awa suna da ƙungiyarsu ta EAA wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, suna taruwa duk shekara a garin Oshkosh. Jiragen RV na kamfanin Van's Aircraft kaɗai fiye da 10,000 sun tashi, kuma daga samfurinsu na RV-6A aka fitar da Air Beetle da aka harhaɗa a Kaduna domin horar da matuƙan sojin saman Nijeriya. Gangar jiki da fukafukai sukan zo da zane dalla-dalla, amma tsarin lantarki ya danganta da injin da na'urorin da kowa ya zaɓa, don haka a nan ne maƙeri ke komawa ga abin da ya saba yi a mota ko a gida. Mafi yawan kurakuran daga wannan sabo suke fitowa, domin jirgi yana jijjiga ba ƙaƙƙautawa, kuma idan hayaƙi ya tashi a sama babu gefen titin da za a tsaya.

Kuskuren farko yakan faru tun a wurin sayayya, inda ake ɗauko wayar mota saboda arha. Rigar wayar mota galibi robar PVC ce, wadda ke narkewa da wuri, kuma idan ta ƙone tana fitar da hayaƙi mai guba da ke rufe ido ya shaƙe matuƙi a cikin ƙaramin ɗaki. Wayar jirgi da aka fi amfani da ita ita ce mai lambar M22759/16, mai rigar wata irin roba da ake kira Tefzel da ke jure zafin digiri 150 a ma'aunin Salshiyos, silayenta na jan ƙarfe kuma an shafe su da kuza don kada su yi tsatsa. Wayar gida mai sili ɗaya ba ta da gurbi a jirgi ko kaɗan, saboda jijjiga tana karya ta.

Bayan irin waya sai kaurinta, kuma a nan mutane da yawa ke kallon abu ɗaya su manta na biyu. Suna duba ko wayar za ta ɗauki wutar ba tare da ta yi zafi ba, amma ba sa lissafin ƙarfin da ke zubewa a hanya saboda tsawo. Littafin ƙa'idojin gyara na FAA mai lamba AC 43.13-1B ya ƙayyade cewa a jirgi mai tsarin volt 14 bai kamata zubewar ta wuce rabin volt ba ga na'urar da ke aiki koyaushe. A ɗauki fitilar sauka mai jan amfiya 8 a ƙarshen fiffike, nisan ƙafa 20 daga allon matuƙi. Waya mai lamba 18 ba za ta ƙone da wannan wuta ba, amma za ta zubar da kusan volt guda, ninkin abin da aka yarda, don haka lamba 14 ce ta dace (a wannan ma'auni, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri). Idan jirgin na zaren gilashi ne, kamar Long-EZ na Burt Rutan, jikinsa ba ya ɗaukar wuta, dole a ja waya ta biyu da wutar za ta koma, ke nan tsawon da za a yi lissafi da shi ya ninka.

Akwai kuma rashin fahimtar aikin fis da bireka. Ana ɗauka rediyo ko fitila suke karewa, alhali waya suke karewa, saboda haka da kaurin wayar ake auna girmansu. Littafin da aka ambata ya ba da bireka mai amfiya 5 ga waya lamba 22, mai 7.5 ga lamba 20, mai 10 ga lamba 18. Wanda birekarsa ke yawan katsewa ya cire ta ya sa babba bai gyara komai ba, ya dai mayar da wayar kanta ta zama fis. Haka kuma a sa kariyar kusa da inda wutar ke fitowa, domin duk tazarar da ke tsakanin batir da fis a tsirara take.

Wurin da ya fi kowane cin mutane shi ne bakin waya, inda ake haɗa ta da na'ura. Mai gyaran wutar mota ya saba murɗa wayoyi biyu ya naɗe da salatif, wanda ya fi shi kulawa kuma ya liƙe da dalma, yana ganin ya yi aiki mai inganci. Murɗawa da salatif ba abin tattaunawa ba ne. Dalma ce ke yaudara, domin tana riƙewa da kyau a ranar farko, amma idan ta narke takan bi silayen wayar ta haura cikin riga, sai wani yanki ya sandare sauran kuma yana lanƙwasuwa. Daidai iyakar nan jijjiga ke taruwa har silayen su karye ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin rigar, inda ido ba ya gani, sai na'ura ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, wanda shi ne ciwon da ya fi wuyar ganowa. Ba a hana dalma ba, ana amfani da ita a wasu ƙananan mahaɗai, amma sai an tallafi wayar a bayan wurin liƙin. Hanyar da aka fi aminta da ita ita ce matse kan waya na ƙarfe da filayar da aka ƙera domin haka, irin wadda ba ta sakin baki sai ta kai ƙarshen matsa. Kawunan waya na jirgi suna kama wuri biyu, silaye da kuma riga, kuma launinsu ne ke nuna girmansu: ja ga lamba 22 zuwa 18, shuɗi ga 16 zuwa 14, rawaya ga 12 zuwa 10. Kowane kai da aka matse a ja shi da ƙarfi a gani, wanda ya zame a yanke a sake. Wajen feɗe rigar ma a yi hattara, domin silin da reza ta ɗan yanka ya riga ya fara karyewa. Kada kuma a jera fiye da kawuna huɗu a kan kusa ɗaya.

Yadda aka shimfiɗa wayoyin a cikin jiki shi ma yana da nasa sharuɗɗan. A ɗaure damin waya aƙalla duk bayan inci 24, ba a ja shi kamar tsirkiya ba, ba a kuma bar shi yana lilo ba. Duk inda zai ratsa ramin da aka huda a alminiyum sai an sa zoben roba, in ba haka ba gefen ramin zai ci rigar sannu a hankali har tartsatsi ya tashi. Inda waya ta haɗu da bututun mai, waya ce ke bi ta sama domin mai da ya ɗiga kada ya same ta, da tazarar inci 6 idan hali ya yi, kuma ba a ɗaure ta a jikin bututun. Manyan jirage ma ba su tsira daga wannan ba: gobarar da ta kayar da jirgin Swissair mai lamba 111 a gaɓar tekun Kanada a 1998, inda mutum 229 suka mutu, masu bincike sun danganta farkonta da tartsatsin waya a saman ɗakin matuƙa.

Hanyar komawar wuta, wadda masu gyara ke kira at, ita ake yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum yakan ɗaura kowace na'ura a ƙarfen da ya fi kusa, wani lokaci a kan fenti, sannan ya yi mamakin ƙugi a rediyo da allurar ma'aunin zafin inji da ke motsi duk sa'ad da aka kunna fitila. Gyaran shi ne a tara wayoyin komawar na'urorin allo a wuri guda a bangon da ya raba inji da ɗakin matuƙi, a haɗa wurin kai tsaye da batir. Injin kansa yana zaune a kan robobi, saboda haka yana bukatar waya mai kauri daga jikinsa zuwa wannan wuri. Idan babu ita, wutar sitata, wadda kan haura amfiya 100, za ta nemi hanya ta igiyar totur ko wata siririyar waya ta ƙona ta.

Wayar magneto, wato na'urar da ke samar wa fulogin inji tartsatsi ba tare da batir ba, tana aiki ne saɓanin yadda aka saba, kuma rashin sanin haka yana iya jawo asarar hannu ko rai. Makunnin ba wuta yake ba magneto ba, kashe shi yake yi ta hanyar haɗa shi da jikin jirgi. Idan wannan waya ta tsinke inji zai ci gaba da aiki lafiya lau, babu alamar komai, amma magneto ya zauna a kunne ko da an cire makulli, kuma wanda ya juya farfela da hannu injin na iya tashi da shi. Shi ya sa matuƙa kan gwada kafin su kashe inji, yana kan mafi ƙarancin gudu su mayar da makulli kan kashewa na ɗan lokaci su ji ko zai ɗauke. Idan bai ɗauke ba, a rataya gargaɗi a kan farfela, kada kowa ya taɓa ta sai an bi wayar daga makunni har magneto an gano inda ta rabu.