Sabon zuwa Ingila, duba wutsiyar adireshi kafin ka biya

'Yan uwa sababbin zuwa, sannunku da hanya. Layin waya, katin bas da masallacin unguwa ba za su ba ku wahala ba. Jama'armu a nan ba ta barin baƙo cikin duhu, kafin mako ya zagayo an nuna muku komai. Wajen takardu ake cin kuɗinku, kuma kusan kullum ta shafin intanet na bogi.

Biza, lambar inshorar ƙasa da wurin aiki zai tambaye ku, lasisin tuƙi, haraji, duk adireshinsu da .gov.uk yake ƙarewa, kamar yadda kuka san .gov.ng a Najeriya. Hukumomi kaɗai ake ba wannan wutsiya. Ta harkar asibiti .nhs.uk ce, ta jami'o'i .ac.uk. Amma .co.uk da .org.uk da .com, duk mai 'yan fam kaɗan zai saya yau ya buɗe shafi gobe, ko da bai taɓa taka ƙasar ba. Don haka kada ku hango uk ku saki jiki.

Kwanan baya wani yaro ɗan garinmu ya miƙo mini wayarsa yana murna, wai ya biya kuɗin lambar inshora. Lambar nan kyauta ce! Abin da ya fara fitowa a Google ya danna, bai lura talla ce ba. Shafin ya sha ado da hoton kambi, har da ɗan hoton kwaɗon kullewa a gefen adireshi, shi kuwa kwaɗo ba shaidar gaskiyar mai shafi ba ne. Kuɗin cefanensa ya tafi. Abin da ya fi ɓata mini rai, har hoton fasfonsa ya tura musu. Da ya tambayi ɗayanmu, da minti biyu sun isa.

Don gane wutsiyar adireshi, ku nemi karan nan mai karkata (/) na farko bayan sunan shafin, ku karanta abin da ke dab da shi ta hagu. Idan kun ga gov.uk-biza.com, wutsiyarsa .com ce, gwamnati ba ta san da zamansa ba.

Haka wajen haya. Katin zama na roba ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu izinin zama a intanet yake. Lambar da mai gida zai nema don tantance ku a gov.uk ake ciro ta, ba a biyan ko sisi. Saƙon waya kuwa da ya zo da adireshin da ba ku yarda da shi ba, kada ku danna, ku tura shi zuwa 7726, lambar kai rahoton saƙon damfara, shi ma kyauta ne.