Yadda ake gyara ganyayen ƙofar haske idan sun manne a tsohon lensi

Ganyayen nan siraran ƙarafa ne a cikin lensi da ke buɗewa da rufewa don daidaita hasken da ke shiga. Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, fara gano ciwon. Cire lensin daga kamara, kai zoben ƙofa kan lambar f/16, ka taɓa ɗan tsinken da ke bayansa in na M42 ne (mai gindin murɗawa kamar sukuru), ko 'yar lebar da ke bayan lensin Nikkor na Nikon da Rokkor na Minolta, ka saki. Lafiyayyun ganyaye fat ɗaya suke motsawa. In suna jan jiki, ko ka haska fitila ka ga suna sheƙi, to mai ne. Daga giris ɗin zoben fokas yake tsatsowa, musamman in lensin ya daɗe yana shan zafi. A bushe aka ƙera ganyayen nan su yi aiki, saboda haka duk wanda ya ce ka fesa musu man feshi na WD-40, rabu da shi.

Kayan aiki ba su da yawa: sifanar lensi, robar murɗe zoben gaba, hantsaki, audugar goge kunne, da man laita irin na Zippo. Wasu sifirit mai kashi 99 suke so, ni dai man laita ne nawa, ya fi cin giris. Sukundireba kuwa sayi na JIS (ma'aunin sukurun Japan) in lensin Japan ne. Na Phillips, mai kan giciye da aka saba, yana shiga kamar ya dace, sai ya cinye kan sukurun, ka yi asarar da ta fi kuɗin da ka ƙi kashewa.

Yi aikin cikin faranti mai baki, don akwai ɗan boris ƙarƙashin zoben ƙofa da ke tsalle ya ɓace. Ɗauki hoto duk abin da za ka cire. A yawancin lensi 50mm, gilasan baya ko na gaba a dunƙule suke fita, sai ga ganyaye a gabanka. Kada ka raba zaren da zoben fokas ke murɗawa a kai, ba ruwanka da shi yau.

Nan ne masu koyo ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Lensina na farko na tsiyaya masa man laita, ganyaye suka hau rawa, na ɗaure komai ina murna. Kwana biyu sai suka koma gidan jiya, ga kuma hazo a gilashin ciki. Man laita narkar da giris kawai yake yi, ba ya tafiya da shi. In ya bushe, giris ɗin na nan inda ka bar shi, har ya ƙara bazuwa. Auduga ce ke kwashewa. Jiƙa ta kaɗan da man laita, rufe ƙofar, ka shafa a hankali bisa kwanciyar ganyen. In ka bi ta bakinsa zai lanƙwashe, lanƙwasasshen ganye kuwa da wuya ya koma daidai. Bi da busasshiya nan take. Buɗe, rufe sau da yawa, mai zai sake fitowa daga inda ganyayen suka hau juna. Sake gogewa da sabuwar auduga, gaba da baya. Yi ta yi har ta fito fes, ko da kwali guda zai ƙare. Silin audugar da ya maƙale ka tsince shi da hantsaki.

Sannan ka bar shi a buɗe ya kwana. Da safe in yana motsawa fat-fat, hure ƙura, goge gilasan, mayar da komai bisa hotunanka. In ya sake nauyi, man ya shiga zoben da ke juya ganyayen, dole a zare su ɗaya-ɗaya a wanke. Shirya su a jere yadda suka fito, ka lura da gefen da ƙusar kowanne ke kallo, don na ƙarshen ƙarƙashin na farko ake cusa shi.